Kwanakin Farawa da shekarun duniya: yadda aikin ɗan littafin matasa ke tafiya

Asabar, 4 ga Oktoba 2025

Kwamitin dattawa ya ba ni izini in fara. Aikin dai ɗan littafi ne da Hausa, darasi 6, a kan Farawa sura 1 zuwa 3 da maganar shekarun duniya, domin matasan majami'armu a nan Damagaram. Kowane darasi sai na gwada shi da yaran ranar Asabar da la'asar kafin ya shiga littafin. Ina fatan a buga kafin Kirsimeti. An ba ni jaka 15 daga asusun matasa, abin da ya ɗora kuma aljihuna ne zai ji.

Ƴan lise ne suka tayar da maganar. A ajin SVT, wato kimiyyar rai da ƙasa, ana gaya musu duniya ta shekara biliyan 4 da rabi, su rubuta haka a jarrabawa, su ci. Ranar Lahadi kuma wani ya miƙe ya ce shekarunta 6,000, duk wanda ya faɗi wani abu dabam ya ƙaryata Allah. Yaran nan ba sakarkaru ba ne, sai suka koyi yin baki biyu, ɗaya na lakkwal, ɗaya na majami'a. In sun kai jami'a nauyin ya ishe su, su ajiye ɗaya, mun kuwa sha ganin wanda ake ajiyewa. Ba wata lamba nake so su haddace ba. So nake su iya rarrabe abin da ke rubuce a cikin Littafi da abin da mutane suka lissafa suka jingina masa.

Tsarin da na kai wa kwamiti: karatun nassin kansa, lissafin zuriya, yadda masana ke auna shekarun dutse, abin da aka tono a ƙasarmu, hanyoyin fahimtar kwana shidan, sai na ƙarshe a kan mutuwa da faɗuwar Adamu.

Talata, 7 ga Oktoba

Rim na takarda a Kasuwar Dole, jaka 4. Forfe na intanet, jaka 2.

Asabar, 11 ga Oktoba

Darasi na 1. Kaɗan suka zo, don kaka ce, da yawa suna ƙauye wajen girbin gero da roron wake. Ban kawo kome ba sai Littafi Mai Tsarki. Muka karanta sura ta 1 da ƙarfi, aya-aya ana zagayawa, muka ɗan shiga ta 2, na ce kowa ya faɗi abin da ya tsaya masa a rai, ba kunya.

Wata ɗiya ƴar ajin ƙarshe ce ta fara: "Malam, an yi haske a kwana na fari, amma rana da wata sai a na huɗu. To maraice da safiyar kwana ukun farko, me ya faɗi, me ya fito?" Wani yaro ya lura kowane kwana an rufe shi da ga maraice ga safiya, ban da na bakwai. Wani kuma ya tsaya a 2:5, inda aka ce tsiro bai fito ba tukuna domin Allah bai aiko da ruwan sama ba, babu kuma mutumin da zai yi noma, alhali a sura ta 1 tsiro ya riga mutum da kwana uku.

Na gaya wa ɗiyar tambayarta ta girmi kakannin kakanninmu. Orijin na Iskandariya ya yi ta tun ƙarni na 3. Agustin, mutumin Arewacin Afirka da aka haifa a 354 a garin da yanzu ake kira Suk Ahras cikin Aljeriya, ya shafe shekaru yana rubutu a kan Farawa, ya tsaya a kan cewa Allah ya halicci kome a lokaci guda, kwanakin kuma tsari ne na bayyana aikin. Basil na Kaisariya, a ƙarni na 4, shi ya ɗauke su kwanaki na sosai masu awa 24. Dukansu sun rasu fiye da shekara dubu kafin a haifi Darwin, masanin da ya yaɗa ra'ayin rikiɗar halittu, balle a ce tsoron ƴan kimiyya ya sa suka yi magana. Amma kada a yi wa Agustin ƙarya: a ganinsa tarihin ɗan Adam bai cika shekara 6,000 ba. Wannan ma zai shiga littafin, ko da bai taimaki inda na karkata ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na buga darasi na 1 a kwamfuta, shafi 4.

Asabar, 18 ga Oktoba

Darasi na 2, kuma ya fi na farko armashi. Na ba su alli, suka buɗe Farawa 5, kowa ya rubuta shekarun uba a lokacin da ya haifi ɗansa: Adamu 130, Shitu 105, Enosh 90, haka har zuwa Nuhu, wanda ke da shekara 600 sa'ad da ruwan tsufana ya zo. Jimilla 1,656. Wani ɗan koleji ya yi nasa lissafi a gefe, ya gano Metusela mai shekara 969 ya mutu ne daidai shekarar ruwan. Sai ihu. Da ƙyar na dawo da su kan allo.

Daga nan na nuna musu cewa lambobin ba iri ɗaya ba ne a tsofaffin kwafi. Littafinmu na Hausa ya bi na Ibrananci. Tsohuwar fassarar Helenanci, wadda marubutan Sabon Alkawari suka yi ta ɗauko ayoyi daga cikinta, ta ce Adamu yana da 230 ya haifi Shitu, jimillarta kuwa zuwa ruwan tsufana ta haura 2,200. Attaurar Samariyawa ta ba da 1,307. Aji ya yi tsit. Wata ta ce, "Malam, to wanne ne na Allah?" Na ce ta riƙe tambayar, amma ta fara dubawa ko akwai ayar da ta tara lambobin nan ta ce ga shekarun duniya. Ko ɗaya babu.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ina rubuta rabi na biyu na darasi na 2, sai na ga ashe yau ce ranar. James Ussher, babban bishop na Armagh a ƙasar Ayalan, ya fitar da lissafinsa a 1650, ya ce an fara halitta a daren da ya waye 23 ga Oktoba, shekara 4004 kafin haihuwar Almasihu, wato wajen shekara 6,000 ke nan zuwa yau. Mutane na yi masa dariya yanzu, ni kam ba na yi. Malami ne na gaske, ya haɗa zuriyoyin Farawa da shekarun sarakunan Isra'ila da tarihin Babila da Farisa da Roma, aikin da ba kowa zai iya ba. Abin da ya ba lambarsa ƙarfi shi ne, daga 1701 aka shiga buga ta a gefen shafukan Littafi Mai Tsarki na Turanci. Mai karatu ya ga 4004 kusa da ayar farko, sai ya ɗauka tare aka saukar da su. Mishan na SIM da suka fara aiki a nan Damagaram a 1924 masu Turanci ne, ina kyautata zaton ta hannun irinsu lambar ta iso mana.

Ba shi kaɗai ya lissafa ba. Kalandar Yahudawa tana farawa daga 3761, shi ya sa a watan jiya suka shiga shekara ta 5786. Ikilisiyar Bizantiya ta bi lambobin Helenanci ta samu 5509. Littafi ɗaya, masu tsoron Allah duka, amma tsakanin wannan da wancan akwai fiye da shekara 1,700.

Sai maganar tsallake. Matiyu 1:8 ya ce Yoram ya haifi Azariya, wato Uzziya. A buɗe 1 Tarihi 3:11-12, za a ga sarakuna uku a tsakaninsu: Ahaziya, Yowash, Amaziya. Matiyu ya san da su, ya bar su don jerinsa ya zauna sha huɗu sha huɗu. Luka 3:36 kuma yana da wani Kenan tsakanin Arfakshad da Shela wanda ba ya cikin Farawa 11 na Ibrananci. Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. In maroƙi ya kira basarake jikan Tanimun, babu wanda zai tsaya ƙirga ko iyaye nawa ne a tsakani, babu kuma mai cewa ya yi ƙarya. Wani malamin makarantar tauhidi ta Princeton a Amurka, William Henry Green, ya rubuta wannan hujja a 1890, cewa ba don a tara su aka ba da zuriyoyin ba.

Iyakar hujjar ke nan fa. Tsallake na iya ƙara dubban shekaru a tarihin mutum, ba zai kai mu biliyan ba. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe don kada yara su ɗauki maganar su wuce da ita gona da iri.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Bayan sujada Baba, dattijon da ya fi kowa daɗewa a aikin bishara a cikinmu, ya kira ni gindin dogon yaro. Jikarsa ta kai masa labarin allo.

"Ɗana, na ji kana koya wa yara lissafin Littafi ba daidai ba ne."

"Baba, lissafin mutane na ce, ba na Littafi ba."

Bai tanka ba, ya buɗe Fitowa 20:11 ya miƙo mini. Ka yi aiki kwana shida ka huta a na bakwai, gama cikin kwana shida Ubangiji ya yi sama da ƙasa. "In kwanakin Allah miliyoyin shekaru ne, naka fa? Yaushe za ka huta?" Ya ƙara da bikin Kana: ruwan da ya zama ruwan inabi nan take, wanda ya ɗanɗana zai rantse ya daɗe a tulu. Adamu ma ba jariri aka yi shi ba. To me zai hana Allah ya yi duniya da kamannin tsufa?

Fitowa 20:11 ita ce aya mafi ƙarfi a hannun masu wannan ra'ayi, duk wanda ya raina ta bai karanta ba. Abin da na ce masa, cikin ladabi, shi ne a Littafin Firistoci 25 gona ma ana noma ta shekara shida ta huta a ta bakwai, wato tsarin shida da ɗaya ne ake koyi da shi, ba tsawon lokacin ba. Fitowa 31:17 kuma ta ce Allah ya huta ya wartsake, alhali Ishaya 40:28 ya ce ba ya gajiya, ashe ana yi mana magana ne da harshen ma'aikaci. Baba ya ce, "Ka iya magana. Amma zan kai wa kwamiti." Ya sa mini albarka, muka rabu lafiya.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Darasi na 3. Wannan ya fi ƙarfina, sai na roƙi wani abokina, mushen SVT a wata lise, Musulmi, tun muna yara muke tare. A gidana muka yi zaman, ba a majami'a ba, don kada a sa shi a baki. Ya zo da guntun dutse irin na Birni da wani guntun ice da ya zama dutse, wanda aka kawo masa daga wajen Agadas. Yara suka yi ta juya shi, ga zanen itace ga nauyin dutse.

Da yuraniyom ya fara, tunda duk yaron Nijar ya san ana haƙarsa a Arlit. Yuraniyom yana rikiɗa a hankali ya zama darma. Nau'in 238, sai shekara biliyan 4.47 rabinsa ke rikiɗa. Nau'in 235 kuma miliyan 704, kuma darmar da kowanne ke bari dabam ce. Akwai wani ƙanƙanin ƙyalli a cikin duwatsu, zirkon, wanda lokacin da yake daskarewa yakan karɓi yuraniyom ya ƙi darma. Saboda haka darmar da aka tarar a cikinsa daga baya ta taru. Awo biyu ke nan a ƙwaya ɗaya, in sun yi daidai a yarda, in sun saɓa a san wani abu ya taɓa dutsen. Mafi tsufan zirkon da aka samu a duwatsun duniyarmu daga yammacin Ostireliya yake, shekara biliyan 4.4. Lambar da ke littafin lakkwal kuwa, Clair Patterson ne ya fitar da ita a 1956, biliyan 4.55, daga darmar duwatsun da suka faɗo daga sama. Awon da aka yi ta yi bayansa bai gusar da ita ba sai kaɗan, yanzu 4.54 ake cewa.

Wani yaro ya fito da waya. Akwai bidiyo da ke yawo a WhatsApp, mai wa'azi yana cewa kabon 14 ƙarya ne, don haka duk lissafin ya rushe. Mushe ya yi murmushi: kabon 14 rabinsa na ƙarewa cikin shekara 5,730, bayan wajen shekara 50,000 ba ya da sauran amfani, kuma abin da ya taɓa rai ake aunawa da shi, kamar ƙashi ko gawayi. Ba da shi aka auna duniya ba. Yaron ya ce to wa ya tabbatar saurin rikiɗar bai taɓa canzawa ba? Tambaya ce mai kyau, ita ce ma ainihin hujjar wancan ɓangaren. Mushe ya ce an gwada da zafi da matsi ba a ga canjin kirki ba, kuma da rikiɗar biliyoyin shekaru ta auku cikin shekara ɗaya, zafin da za ta fitar ya isa ya narkar da ƙasa.

Muna shan shayi bayan yara sun watse ya ce mini, "Malam, mu ma kwana shida ne a Alƙur'ani. Amma a Suratul Hajji yini ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne, a Ma'arij kuma akwai yini mai shekara dubu hamsin." Na ce muna da makamancinsa a Zabura 90:4 da 2 Bitrus 3:8. Sai dai ba zan sa su a littafin a matsayin ma'auni ba. Shida sau dubu, dubu shida ne, an dawo inda aka fito. Ayoyin suna cewa lokaci bai ɗaure Allah ba, iyakarsu ke nan.

Kuɗin kabu-kabunsa da shayi, ban taɓa asusu ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Asara. Daren Litinin ina tsakiyar buga darasi na 3 aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita ta zo da ƙarfi, cajar kwamfuta ta ƙone, batirin kuwa dama ya daɗe da mutuwa. Na kai wa mai gyara, ya samo mini wata caja ta hannu jaka 3 da rabi. Kwamfuta ta tashi, amma takardar darasi na 3 ta ƙi buɗuwa, sai wasu alamomi barkatai. Na ɗauki kle ɗin da nake ajiye kwafi a ciki zuwa wani shagon intanet, can kuma ya kwaso cuta, duk abin da ke ciki ya ɓuya. Darasi na 1 da na 2 sun tsira don na riga na tura wa Fasto ta WhatsApp. Na 3 sai dai a sake daga takardun hannu, ga lambobi da yawa da sai na koma wurin Mushe ya tabbatar mini. Yanzu duk shafin da na gama, a daren nake tura shi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ba a yi zama ba, an yi rasuwa a gidan ɗaya daga cikin yaran, can muka wuni.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Hazo ya sauka, kowa da mura, amma aji ya cika, ƴan ƙauye sun dawo. Darasi na 4: abin da ke ƙarƙashin yashin ƙasarmu. Da gangan na sa shi, don yara na ɗauka maganar nan ta Turawa ce, can nesa.

Gadufawa, cikin Tenere a gabas da Agadas, tana cikin wuraren da suka fi ƙasusuwan dinozor a Afirka. Philippe Taquet na Faransa ya yi aiki a can tun shekarun 1960, shi ya raɗa wa Ouranosaurus nigeriensis suna a 1976. Paul Sereno na Shikago da mutanensa suka bayyana Nigersaurus a 1999, mai faffaɗan baki da haƙora wajen 500. A can kuma aka samu Sarcosuchus, kadan da tsawonsa ya haura mita 9. Masana na ba duwatsun wurin wajen shekara miliyan 110. Waɗanda suka taɓa zuwa gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai sun ga ƙasusuwan da idonsu, suka ba sauran labari. Na kuma tuna musu matatar man da ke kan hanyar Tanut, wadda aka buɗe a 2011: masu neman man Agadem da wannan lissafi na shekarun duwatsu suke zaɓar inda za su haƙa, kuma man yana fitowa.

Wanda ya fi taɓa su Gobero ne. A 2000 mutanen Sereno suna neman dinozor suka faɗa kan maƙabarta a tsakiyar hamada, kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, ga ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye, ga ƙugiyoyi da tukwane. A nan kabon 14 ke aiki, ya kuma nuna mutanen farko na wurin sun rayu kusan shekara 10,000 da suka wuce. Mutane ne sosai, suna binne matattunsu, kuma sun riga 4004 da dubban shekaru.

Jikar Baba ta kawo hujjar Kana. Na ce mata na yarda Allah na iya yin itace babba a rana ɗaya. Amma kabarin mutumin da bai taɓa rayuwa ba, da ƙashin kifin da ba a taɓa ci ba, wannan ba kamannin tsufa ba ne, labari ne na abin da bai faru ba, kuma ni ba zan iya jingina shi ga Allah mai gaskiya ba. Ta ce ai kakanta ba haka yake cewa a kan ƙasusuwa ba, shi ruwan tsufana ne ya binne su. Gaskiyarta, dole darasi na 5 ya raba hujjojin nan biyu.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Kwamiti ya zauna da dare, an daɗe. Baba ya kawo ƙararsa, ba da zafi ba. Tsoronsa shi ne in aka sassauta sura ta 1, gobe a sassauta tashin Almasihu daga matattu. Wani ya ce a dakatar da aikin gaba ɗaya. Ana cikin haka wani tsoho da ba ya cika magana ya ce su a zamaninsu, a makarantar Littafi Mai Tsarki, an koya musu akwai dogon lokaci tsakanin aya ta 1 da ta 2, ba wanda ya kira malamansu marasa bangaskiya. Wannan ya kwantar da ɗakin.

Fasto ya yanke: a ci gaba, amma darasi na 5 ya kawo kowane ra'ayi da bakin mai shi. Baba ne zai rubuta na kwana shida masu awa 24, ni in buga yadda ya rubuta, ba ragi ba ƙari. A farkon littafin kuma a sa abin da ba mu gardama a kansa: Allah ne ya yi kome daga babu, abin da ya yi yana da kyau, mutum cikin siffarsa aka yi shi, mutum ya yi zunubi. Hukuncin ya yi mini. Na sake sa forfe, jaka 2.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Baba ya kawo shafi biyu da rubutun hannu mai kyau irin na mutanen dā, ya zauna a baya ya saurari darasi na 5. Na karanta nasa da farko. Na ƙara da tarihi kaɗan: bayanin cewa ruwan tsufana ne ya shimfiɗa duwatsu da ƙasusuwa ya bazu ne bayan littafin John Whitcomb da Henry Morris na 1961 a Amurka. Kafin nan masu wa'azi da yawa suna bin ra'ayin tazara tsakanin aya ta 1 da ta 2, wanda Thomas Chalmers na Sikotilan ya yaɗa a farkon ƙarni na 19, Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 kuma ya kai shi ko'ina. Rauninsa, nassi bai ba da labarin wata duniya da ta lalace a tsakanin ayoyin ba. Na uku, kowane kwana zamani ne mai tsawo. Yara da kansu suka kama shi: tsiro ya yi zamani guda babu rana?

Na huɗu shi ne inda na karkata, na kuma faɗa a fili. Aya ta 2 ta ce duniya ba ta da siffa, kuma wofi ce. Kwana ukun farko ana ba ta siffa: haske da duhu, ruwan sama da na ƙasa, sandararriyar ƙasa da tsiro. Ukun baya ana cika ta, kowanne daidai da takwaransa: rana da wata da taurari, kifaye da tsuntsaye, dabbobi da mutum. Ga mutanen da maƙwabtansu a Masar da Babila ke yi wa rana da wata sujada, surar tana cewa fitilu ne kawai da aka rataya, ko sunansu ba a kira ba. A wannan karatu surar ba ta faɗi shekarun duniya ba, ba ta kuma hana a auna ba.

Baba ya ce tsarin yana nan, ya gani, amma tsari bai hana kwanakin zama na gaske ba. Na rubuta maganarsa a ƙarƙashin tawa.

Talata, 2 ga Disamba

Gwajin bugu. Kwamfutar mai fotokopi ba ta san ɗ da ƙ da ƴ ba, duk inda suke sai ɗan akwati. Sai an mai da shi PDF daga gida. Farashi: dala 5 kowace fuska, dala 4 in na kawo takardata. Shafi 28 ƙanana, takarda 7 gaba da baya, da bango dala 20, kowane kwafi dala 76. Kwafi 40, jaka 15 da dala 40. A asusu saura jaka 3 da rabi. Mama shugabar zumuntar mata ta ce za su ba da jaka 5.

Asabar, 6 ga Disamba

Darasi na 6 bai zauna ba. In dinozor sun mutu miliyoyin shekaru kafin Adamu, ina Romawa 5:12, cewa ta wurin zunubi mutuwa ta shigo? Na nuna musu ayar ta ƙare da cewa mutuwa ta bi dukan mutane, mutane take nufi, kuma Zabura 104:21 ta ce zakoki suna neman abincinsu daga wurin Allah, cikin waƙar yabon halitta. Suka karɓa. Sai ɗiyar nan ƴar ajin ƙarshe ta ce, "Malam, dabbobi na ji. Mutanen Gobero fa, ƴaƴan Adamu ne? In haka ne, yaushe Adamu ya rayu?" Na ce ƴaƴansa ne, tsallaken zuriya ya isa ya ɗauke su. Ta ce a littafinsu na lakkwal akwai ƙasusuwan mutane irinmu da suka haura shekara 100,000, ga kuma Tumai, wani tsohon ƙoƙon kai mai kama da na mutum da aka samu a Cadi. Ga Farawa 1:30, inda aka ba dabbobi tsiro ya zama abincinsu, da Romawa 8:20-22, inda dukan halitta ke nishi a ƙarƙashin ruɓa, da wani ya ƙara a kai. Amsoshin da ke cikin takarduna sun yi wa tambayar kaɗan, ba zan buga su haka ba.

Laraba, 10 ga Disamba

Na zauna da Fasto. Za a buga darasi 5 yanzu, shafukan da na ware wa na 6 su koma tambayoyin tattaunawa da wurin rubutu, farashi bai canza ba. Kuɗin mata ya shigo, saura jaka 6 da dala 140, zan cika, a mayar mini daga sayarwa, dala 50 kowane kwafi, ƴan makaranta marasa hali kyauta. Jibi zan kai PDF, a karɓa ranar 19, a raba ranar Lahadi 21.

Darasi na 6 ya koma ɗan littafi na biyu, daga tsakiyar Janairu. Fasto zai nemo mana littattafai daga wani abokinsa a Maraɗi. Baba ya yarda mu zauna mu uku a kan Romawa 5 da 1 Korintiyawa 15 kafin a kai wa yara, Mushe kuma zai ara mini littafin ajin ƙarshe in ga ainihin abin da ake koya musu a kan asalin mutum. Kafin nan sai na sayi abin daidaita wuta, an ce mini jaka 12 ne na hannu.